Yadda Ake Ɗaukar Horarrun Masu Gadi Don Wurin Kasuwanci

Masu kasuwanci da yawa suna ɗaukar kuɗin gadi a matsayin kuɗin da ke fita ba ya dawowa. Shi ya sa suke neman mafi araha: a samo mutum, a ba shi benci da tocila, a ce ya zauna bakin ƙofa. Irin wannan gadin zai hana ɗan kutse na rana shiga, amma ba zai hana kaya fita ba takarda ba, ba zai kashe wuta tun tana ƙarama ba, kuma ranar da wani abu ya faru ba zai iya ba da bayanin da 'yan sanda ko kamfanin inshora za su yi aiki da shi ba. A waɗannan wurare uku ne horo yake dawo da kuɗinsa. Sai dai ko mai gadi ya ƙware, idan ba a rubuta masa aikinsa ba, ba a kuma bibiyarsa, cikin 'yan watanni zai koma mai zaman benci. Ga yadda ake tsara abin tun daga tushe.

Abin da za ka tanada

Naka, kai mai wurin:
– Zanen harabar, ko da hannu aka yi shi, mai nuna kowace ƙofa, taga, katanga, sito, wurin janareta da wurin ajiye motoci.
– Bayanin duk asarar da aka yi a watanni 12 da suka wuce: kayan da suka ɓace, fasa ƙofa, satar mai, rigima da baƙi.
– Takardar inshorarka, domin wasu suna da sharaɗi kan gadi da makullai.
– Sunayen ma'aikata, da samfurin sa hannun waɗanda ke da ikon ba da izinin fitar da kaya.

Na masu gadi:
– Yunifom, katin shaida, takalmi mai ƙwari da rigar ruwa.
– Tocila mai caji guda biyu a kowane wurin tsayuwa, ɗaya a hannu ɗaya a caji, da usur.
– Rediyon oba-oba, ko wayar aiki wadda kullum akwai kuɗin kira a cikinta.
– Littattafai uku masu ɗauri, waɗanda aka sa wa kowane shafi lamba: na abubuwan da suka faru, na baƙi da motoci, da na makullai.
– Tukunyar kashe gobara da akwatin taimakon gaggawa.
– Ɗakin gadi da ake hango ƙofa daga cikinsa, mai fitila, da ruwan sha da bayan gida a kusa.

Idan babu oba-oba, waya ta wadatar, amma ta zama ta aiki, tana zama a ɗakin gadi, ba ta mai gadin ba. Kada ka yi amfani da littafin da ake iya zare shafinsa ba a gane ba. Maganar makami kuwa, kada ka ba mai gadi komai da dokar ƙasarka ba ta halatta masa riƙewa ba. Ranar da ya yi amfani da shi, har da kai za a nema.

Mataki na 1: San abin da kake tsarewa

Zagaya wurin sau biyu da zanen a hannunka, sau ɗaya lokacin da ake tsananin hada-hada, sau ɗaya da tsakar dare. Da rana ka lura da inda mutane da kaya suke cakuɗuwa: wurin lodi, ƙofar baya, wurin zubar da shara. Da dare ka nemo inda fitila ba ta kai, inda katanga ta yi gajarta, da bishiya ko tarin kaya da za a iya takawa a haura. Yi alama a zanen.

Daga nan ka koma kan bayanin asara ka raba shi biyu: abin da ya ɓace da dare ta hanyar fasawa, da abin da ya ɓace da rana ƙofa a buɗe. Wannan rabon ne zai gaya maka irin gadin da kake bukata. Wanda kayansa ke zurarewa da rana amma ya zuba masu gadin dare, ya kashe kuɗi inda ba a yi masa ɓarna ba.

Ka yi wannan lissafin kuma, don shi ne ma'aunin komai. Idan ribarka 10 ce cikin 100 na ciniki, duk kayan da aka sace sai ka yi cinikin da ya ninka kuɗinsu sau 10 kafin ka mayar da gurbin. Idan ribar 5 ce, sau 20 ke nan. Da wannan adadin za ka gwada kuɗin gadi, ba da kuɗin kayan da suka ɓace kawai ba.

Mataki na 2: Fitar da yawan mutanen da ake bukata

A nan aka fi yin kuskure. Ana ƙirga wuraren tsayuwa, a ɗauka su ne yawan mutane. Mako yana da awa 168. Wuri ɗaya da ake so a tsare dare da rana, idan mutum biyu aka ba, kowannensu zai yi awa 84 a mako ba ranar hutu. Mutum uku, awa 56 kowanne. Mutum huɗu, awa 42. Tun 1919 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sa awa 48 a matsayin iyakar aikin mako a masana'antu, kuma idan ka raba 168 da 48 za ka samu uku da rabi, tun ba a zo maganar ciwo da hutun shekara ba. Saboda haka wuri ɗaya na dare da rana mutum huɗu yake ci. Wurin dare kawai, awa 12 kullum, awa 84 ke nan a mako, mutum biyu.

Mutumin da ya yi dare bakwai a jere zai yi barci, komai amanarsa. Barcin ya fi kama mutum tsakanin ƙarfe 2 da 5 na dare, kuma ɓarayi sun san haka.

Idan kuɗinka bai kai ba, kada ka tilasta wa mutum biyu su yi aikin huɗu. Rage wuraren tsayuwar: rufe ƙofar baya da kwaɗo mai kyau, a koma shiga da fita ta ƙofa ɗaya, a ƙara fitilu, a sa ƙararrawa a sito. Ƙofa ɗaya mai tsaro sosai ta fi uku masu gadin gyangyaɗi.

Mataki na 3: Kamfanin tsaro ko ɗauka kai tsaye

Kamfani yana ɗauke maka horarwa, kawo madadi idan wani bai zo ba, da zagayen dubawa na dare. Ɗauka kai tsaye tana ba ka mutanen da suka san wurinka sosai, amma duk waɗannan nauye-nauyen sun dawo kanka. A ganina, wanda yake bukatar fiye da mutum uku ko huɗu, kuma ba shi da ma'aikacin da zai kula da su, gara ya bi ta kamfani.

Nemi tayin kamfani uku, ka tambayi kowanne waɗannan: lasisinsa, ka kuma tabbatar da shi a hukumar da ke ba da shi, ba hoton takarda kawai ba, inshorar da ke biyan ɓarnar da sakacin ma'aikatansa ya jawo, jadawalin horon da yake bayarwa da kwanakin da yake ɗauka, sunayen wurare biyu da yake tsarewa yanzu, don ka je ka ji daga bakinsu. Manyan kamfanoni wasu suna da shaidar ISO 18788, ƙa'idar da aka fitar a 2015 kan tafiyar da ayyukan tsaro masu zaman kansu. Samunta alama ce mai kyau, rashinta kuma ba aibi ba ne ga ƙaramin kamfani.

Tambayar da ta fi duka muhimmanci ita ce: cikin abin da zan biya a kan kowane mutum, nawa ne yake shiga hannunsa, kuma a wace rana? Tayin da ya yi ƙasa sosai da sauran, daga albashin mai gadin aka yanko rangwamen. Mutumin da ake bin sa bashi ko'ina, albashinsa kuma yana makara, shi ka damƙa wa makullin sito.

Mataki na 4: Gwada horon da kanka

Takardar shaidar horo ba ta isa ba. Ko ta kamfani aka kawo mutum, ka zauna da shi na minti 20 ka gwada shi a kan abu biyar.

Wuta. Miƙa masa tukunyar kashe gobara ya nuna yadda ake yi: a zare fil, a saita baki a gindin wutar ba kan harshenta ba, a matse, a riƙa kaɗawa hagu da dama. Tambaye shi wutar da ba a zuba wa ruwa. Dole ya ce ta lantarki da ta mai. Ya kuma san cewa ƙaramar tukunya cikin daƙiƙu kaɗan take ƙarewa, don haka kiran 'yan kwana-kwana da fitar da mutane ba sa jiran a ga ko za ta kashe.

Taimakon gaggawa. Yadda ake tsayar da jini ta danne wurin da tsumma mai tsabta, da abin da ake yi wa wanda ya faɗi ba ya numfashi: danna tsakiyar ƙirji sau 30, hura numfashi sau 2, ana dannawa sau 100 zuwa 120 a minti.

Rubutu. Ba shi labarin wani abu da baki, ya rubuta rahoto. Ka duba ko ya sa lokaci, wuri, wanda abin ya shafa, abin da ya gani da matakin da ya ɗauka. Mai horo yana rubuta abin da idonsa ya gani. Marar horo yana rubuta zato: "ɓarawo ne ya shigo", alhali abin da ya gani taga ce a buɗe.

Magana da mutane. Ka yi kamar baƙon da ya fusata, ya ƙi rubuta sunansa. Ka ga ko zai ɗaga murya, ko zai tsaya kan ƙa'ida cikin ladabi ya kira na gaba da shi. Mai gadi shi ne fuskar farko da mai saye yake gani. Wanda ke wulaƙanta mutane a ƙofa yana korar ciniki, kuma wannan asarar ba ta fitowa a kowane littafi.

Iyakar ikonsa. Tambaye shi abin da zai yi idan ya kama mutum da kayan sata. Amsar da kake so: ya tsare shi ba tare da ya doke shi ba, ya kira shugabansa da 'yan sanda, ya rubuta. Duk wanda ya fara da maganar hukuntawa, sallame shi. Dukan mutum sau ɗaya zai iya jawo maka shari'ar da ta fi kayan tsada.

Idan mutum ya yi kyau a hali da rubutu amma ya gaza a wuta ko taimakon gaggawa, ana iya ɗaukarsa a tura shi kwas. Hukumomin kashe gobara da ƙungiyoyin agaji irin su Red Cross suna koyar da waɗannan. Hali ne ba a gyarawa da kwas.

Mataki na 5: Binciki bayansa

Kwafin katin shaida, hoto, adireshin da wani naka ya je ya gani da ido, mutum biyu masu tsaya masa da aka yi magana da su kai tsaye, da kiran wurin da ya bari a ji dalilin barinsa. Inda ake bayar da takardar shaidar rashin laifi daga 'yan sanda, a nema. Kada ka ɗauki ɗan'uwa ko aminin mai kula da sito a matsayin mai gadin ƙofar da kaya ke fita, ko da kuwa dukansu mutanen kirki ne. Aikin ɗaya shi ne bincikar ɗayan.

Mataki na 6: Rubuta umarnin aiki

Wannan takardar ita ce zuciyar aikin, kuma ita aka fi tsallakewa. Shafi biyu ko uku ne ga kowane wurin tsayuwa, cikin harshen da masu gadin suke karantawa, a manne a ɗakin gadi.

Shiga. Wa ke shiga da katinsa, wa ke rubuta suna, wa ake rakawa. Baƙo ba ya wucewa sai an kira wanda ya zo wurinsa ya amsa. Kowace mota a rubuta lambarta, sunan direba, lokacin shiga da na fita.

Fitar kaya. Babu abin da ke fita sai da takardar izini mai lamba, kwafi biyu, ɗaya ya tafi da direba ɗaya ya zauna a ƙofa. Mai gadi ya gwada sa hannun da samfurin da ke wurinsa, sannan ya ƙirga kayan da kansa. Ƙirgawa, ba leƙawa ba. Kowace safiya wani wanda ba mai kula da sito ba ya haɗa kwafin ƙofa da littafin sito. Wannan ƙa'idar ta hau kan kowa, har kai da iyalanka. Ranar da ka ɗaga wa mai gadi hannu ka wuce da kaya ba takarda, ka koya wa manaja, shi kuma ya koya wa direba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A duba motar shara da kwalayen da aka ce babu komai a ciki, domin ta nan kaya suke yawan bi.

Makullai. Kowanne da lambarsa, ba sunan ɗakin a jikinsa ba, don kada wanda ya tsinta ya san inda yake buɗewa. Mai karɓa ya sa hannu, mai mayarwa ya sa hannu. Makullin da ya ɓace, a canza kwaɗon ranar, ba a yanko wani ba.

Sintiri. Lissafa wuraren da dole a taɓa a kowane zagaye, da abin da ake dubawa: kwaɗo a ja shi da hannu, taga, fitilar da ta mutu, warin ƙuna, ruwan da ke zuba, man janareta. Ka faɗi yawan zagayen, misali sau 8 a dare, amma kada ka sa musu lokaci tsayayye. Wanda ke fita daidai kan kowace awa, mai leƙe zai haddace shi cikin dare biyu. A riƙa sauya lokaci da hanya. Akwai na'urar sintiri da ake dangwalawa a wasu maɓallai da aka kafa a bango, tana ajiye lokacin. Idan babu ita, a rataye ƙaramin kati a kowane wuri ya rubuta lokaci ya sa hannu, ko ya turo hoton wurin ta wayar aiki.

Gaggawa. Lambobin 'yan sanda, 'yan kwana-kwana, asibiti mafi kusa, da mutum biyu daga cikinku da za a iya tasa da dare, a jere bisa wanda za a fara kira. A nuna inda ake kashe wutar lantarki gaba ɗaya da inda ake rufe ruwa. A rubuta ƙarara cewa idan 'yan fashi da makami suka zo, aikinsa ya tsira da ransa, ya sanar, ya riƙe kamanni da lambar mota. Ba a ɗauke shi don ya mutu a kan kaya ba.

Miƙa aiki. Mai tashi ba ya tafiya sai mai karɓa ya zo, sun ƙirga kayan aiki da makullai tare, sun sa hannu. Kuskure a littafi ana ja masa layi ɗaya ne a sa hannu a gefe, ba a gogewa.

Abin da ba aikinsa ba. Wanke mota, aike, ɗaukar kaya. Duk mintin da ya yi a aike ƙofarka a buɗe take, kuma idan abu ya ɓace a lokacin ba ka da bakin tuhumarsa.

Mataki na 7: Yarjejeniya

A rubuta yawan mutane da awannin kowane wuri, lokacin da za a kawo madadi idan wani bai zo ba (awa biyu ya isa), sau nawa mai dubawa zai zo da dare a mako, wanda zai biya idan sakaci ya tabbata, da haƙƙinka na cewa a canza maka mutum. A hana kamfanin miƙa aikin ga wani kamfani, a hana shi kuma musanya mutanen da ka gwada da waɗanda ba ka gani ba. Fara da gwajin wata uku, da sanarwar kwana 30 ga mai son fita. Ka ba lauya ya duba kafin sa hannu.

Mataki na 8: Makon farko

Ka zagaya da su da kanka, ƙofa ƙofa. Ka tara ma'aikata ka gabatar da su, ka faɗa da bakinka cewa binciken jaka da mota umarninka ne. Idan ba ka yi haka ba, tsofaffin ma'aikata za su raina sabon mai gadi, shi kuma zai sassauta don a zauna lafiya. A yi gwajin fita na gobara sau ɗaya cikin makon. A duba tukwanen wuta: mai hoda, allurar ma'aunin da ke jikinta ta tsaya a kan kore, mai iskar CO2 galibi ba ta da allura, auna nauyinta ake yi.

Mataki na 9: Bibiya

Karanta littafin abubuwan da suka faru kowace safiya ka sa hannu. Minti biyar ne. Littafin da kullum "lafiya lau" kawai ake rubutawa ba alamar lafiya ba ne, alama ce ta cewa ba a zagayawa, domin babu harabar da za ta yi wata guda fitila ba ta mutu ba, ba a mance taga a buɗe ba. Abin da suka rubuta kuma a gyara shi da wuri. Wanda ya kai rahoton kwaɗo ya lalace sau uku ba a canza ba, ba zai kai na huɗu ba.

Sau biyu a wata a kai ziyarar bazata tsakanin ƙarfe 2 da 4 na dare. Wanda zai je ya kira daga bakin ƙofa ya bayyana kansa, kada ya haura katanga don gwaji. An sha jin rauni ta haka. Da rana kuma, lokaci lokaci a aiko wanda ba su sani ba ya gwada fita da kwali ba takarda. Wanda ya tare shi a yaba masa a gaban mutane. Idan kana da kyamarori, ka gwada lokutan sintirin da aka rubuta da abin da suka ɗauka. Masu tsaron ƙofar kaya a riƙa sauya musu wuri bayan 'yan watanni, kafin sabo da direbobi ya yi yawa.

Mataki na 10: Auna ko kuɗin ya biya

Ƙirga haja kafin su fara aiki, ka sake ƙirgawa bayan wata uku da kuma wata shida. Gwada giɓin da ke tsakanin littafi da abin da ke sito da na watannin baya. Haɗa da man janareta da na motoci, da kuɗin gyaran ƙofofi da kwaɗuna, da abubuwan da littafi ya nuna an tare tun ba su zama asara ba, kamar wayar lantarki da aka ji warinta ko famfon da aka rufe kafin ruwa ya shiga sito. Kai wa kamfanin inshorarka kwafin yarjejeniyar da umarnin aiki, ka tambaya ko za su rage maka kuɗin shekara. Wasu suna yi, amma sai an tambaya.

Idan giɓin bai ragu ba, kada ka yi saurin korar masu gadin. Ɗauko kwafin takardun ƙofa na wata guda ka bi su ɗaya bayan ɗaya da littafin sito da rasit na ciniki. Idan sun yi daidai da abin da ya fita, ɓarnar a cikin rubutun ofis take, kuma mai binciken kuɗi kake bukata. Idan akwai kayan da suka fita babu kwafinsu a ƙofa, duba ranakun da wanda ke bakin aiki a lokacin, ka kira kamfanin da littafin a gabanka, ka nemi a canza mutumin bisa sharaɗin da ke cikin yarjejeniya.